Chevelle ta 1970 da Challenger Hellcat ta 2015: wacce ta fi, kuma ina aka kwana?

Ɗan uwa, ka tambaya ko motocin nan masu babban inji da gudu da Amurkawa ke kira muscle car sun mutu ne tun shekarun 1970, kuma in an jera tsohuwa da sabuwa wacce za ta yi gaba. Bari mu ɗauki zakaran kowane zamani: Chevrolet Chevelle SS 454 mai injin LS6 ta 1970, da Dodge Challenger Hellcat ta 2015.

A takarda, Chevelle tana da injin V8 (mai silinda takwas) mai lita 7.4 da ƙarfin doki 450. Hellcat lita 6.2 ce, doki 707. Sai dai ba mudu ɗaya aka auna su da shi ba. Kafin 1972 ana gwada injin ne tsirara a kan benci, babu matatar iska, babu cikakkiyar salansa, babu kayan da ke jan ƙarfinsa. Daga 1972 aka koma auna shi da kayansa duka. Injin 426 Hemi na Chrysler ya nuna tazarar a 1971: doki 425 a tsohon awo, 350 a sabo. To ka rage wa 450 ɗin Chevelle kaso mai kauri kafin ka kai ta kusa da 707. A tseren mita 402, mujallun lokacin sun auna Chevelle a daƙiƙa 13 da 'yan kai, Hellcat kuwa 11.2 da tayoyin kamfani.

Inda ƙarfin ke fitowa ma ya bambanta. LS6 ta dogara da girman silinda da matsi mai tsanani, 11.25 bisa 1, da kafireto guda na Holley mai maƙogwaro huɗu. Wannan matsin sai da fetur mai dalma. Hellcat matsinta 9.5 ne kacal, amma akwai na'urar cusa iska da bel ke juyawa a saman injin, kwamfuta kuma na lura da mai da wuta a kowane bugu. Shi ya sa take zuwa da makulli biyu: baƙi ya tsayar da ita a doki 500, ja ya saki duka.

Wannan dogaro da dalma shi ne lagon tsofaffin. Dokar tsabtace iska ta 1970 ta sa General Motors ya sauke matsin injinansa a 1971, 454 ɗin Chevelle ya koma 8.5, a 1972 ya tsaya a doki 270 a sabon awo. Kamfanonin inshora sun riga sun ɗora wa matasa kuɗi mai nauyi a kan irin waɗannan motoci. Takunkumin man ƙasashen Larabawa ya zo a Oktoban 1973, sannan katalis, abin da ke tace hayaƙi a salansa, ya shigo a 1975, shi kuma dalma kashe shi take yi. Aka daina ƙera Challenger da Barracuda a 1974, Mustang ta shekarar ko V8 ba ta da shi, Corvette ta 1975 ta faro daga doki 165. Ba masu saye ne suka gaji ba, injiniyoyi ne ba su da dabarar haɗa ƙarfi da hayaƙi mai tsabta. Injekta da kwamfuta suka warware wannan daga baya, har Mustang ta fito da tsohon fasalinta a 2005, Challenger ta dawo a 2008, Camaro a 2010.

Wajen riƙo, tsohuwar tana son hannu kullum. Tafet ɗinta ba na mai ba ne, dole a riƙa saita tazarar bawul, a duba kontak da lokacin wuta. Kamshaf ɗinta na gugar tafet kai tsaye, don haka bakin mai mai ƙarancin zink na cinye shi, sai ka ga garin ƙarfe a filta. Fetur marar dalma na cin mazaunin bawul ɗin hayaƙi in ana matsa mata, maganinsa a saka mazauni mai tauri lokacin gyaran kan injin. Fetur mai ethanol kuma na busar da tsofaffin robobin mai da na cikin kafireto. Ga tsatsa a ƙasan but da bayan taya. Abin da ya fi damuna da ita birki ne: faifai a gaba, durom a baya, da siririyar taya inci 14. Gudunta ya fi tsayuwarta nesa ba kusa ba.

Hellcat tana da birkin Brembo mai fistin shida a gaba da taya inci 20, tana tsayawa yadda ya kamata. Matsalarta zafi da nauyi. Ta kai kusan tan biyu, kuma in iskar da ake cusawa ta ɗau zafi kwamfuta na ja da wuta baya, ƙarfi ya ragu. Tayoyin baya ba sa daɗewa, kuma ba ta yafe gurɓataccen mai.

Batun farfaɗowa, an yi ta, har ta wuce ta farko: Challenger Demon 170 ta 2023 ta kai doki 1,025 da man E85, wato fetur mai yawan ethanol. Amma a Disambar 2023 aka daina ƙera Challenger da Camaro. Dodge ta fito da Charger Daytona mai lantarki, doki 670, har da na'urar kwaikwayon rugugin salansa, sannan ta biyo da mai silinda shida da turbo biyu, doki 550. Wanda yake son V8 da giyar hannu sabuwa daga kamfani, Mustang GT mai lita 5.0 da doki 480 ce a gabansa, ko Dark Horse mai 500. Alamar da nake sa wa ido ita ce Ram, wadda ta cire injin V8 na Hemi mai lita 5.7 daga akori-kurarta, masu saye suka yi ca, ta sanar da mayar da shi a 2025.