Sunan kasuwanci ko kamfani: wanne ya dace da mai sana'ar ƙawata farfajiya a Abuja?

Malam, ka ce kana da yaran aiki biyu, da injin yanke ciyawa da baro, ka fara samun aikin gyaran farfajiyar gidaje a Gwarinpa da Lokogoma. Kana tambayar wane lasisi za ka nema, kuma a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, rajistar sunan kasuwanci za ka yi ko ta kamfani.

Shuka fure, shimfiɗa ciyawa da aske shinge ba su da wani lasisi na tarayya da za ka je ka karɓo. Lasisin C-27 da ake gani a intanet na 'yan kwangilar jihar Kalifoniya ne a Amurka, bai shafe ka ba. Rajista ce a gabanka, kuma wanda kake so ya riƙa ba ka aiki shi zai nuna maka wadda za ka yi.

Sunan kasuwanci ya fi araha, ya fi sauri, za ka samu lambar rajista ta BN ka buɗe asusun banki da sunan sana'a. Harajinka na mutum ne, a Abuja hukumar harajin birnin tarayya, FCT-IRS, za ka biya, sannan ka riƙa shigar da bayanan shekara a CAC kafin ƙarshen Yuni. Sai dai a idon doka kai da sana'ar abu ɗaya ne. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a aikin da kullum ana haƙa. Yaronka ya kafta diga domin ramin dashe ya datse wayar wutar da aka binne, ko ana sassabe reshen dogon yaro ya faɗo wa gilashin motar maigida: diyyar daga aljihunka za ta fito, idan ta kai kotu har babur ɗinka ana iya waiwaya.

Kamfani kuwa yana da lambar rajista ta RC, kuma doka na kallonsa daban da kai, bashinsa nasa ne, muddin ba ka sa hannu ka tsaya masa da kanka ba. Da can sai mutum biyu, shi ya sa ake cusa sunan mata ko ƙane. Dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani, da hannun jarin da bai gaza naira 100,000 ba. Harajin kamfani na tarayya ne. Dokar kuɗi ta 2019 ta yafe shi ga wanda cinikinsa bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba, dokar haraji ta 2025 ta ƙara ɗaga iyakar. Amma yafe biya ba yafe shigar da lissafi ba ne, nan mutane ke cin tara.

Idan masu gidaje ne abokan cinikinka, Hajiya ba za ta tambaye ka RC ba, kallon ciyawar maƙwabcin da ka yi wa aiki za ta yi. Sunan kasuwanci ya wadatar. Idan kuwa idonka na kan kwangilar ma'aikatu, otal-otal da rukunin gidaje, ni kamfani zan ce ka yi tun yanzu. Tallar kwangilar gwamnatin tarayya kan nemi shaidar biyan haraji ta shekara uku, da takardun PenCom (fansho), ITF (horar da ma'aikata) da NSITF (inshorar ma'aikata), da rajista a rumbun BPP, hukumar kula da kwangilolin gwamnati. Ranar da ka tashi daga sunan kasuwanci zuwa kamfani, sabuwar lamba za a ba ka da sabuwar ranar haihuwa, shekarun baya ba za su biyo ka ba.

Kowanne ka zaɓa, ka kula da abin da za a rubuta a gurbin irin sana'a. Masu yi wa mutane rajista na son jibga gine-gine da dillancin filaye wai don faɗaɗa hanya, kai ma kana ganin ai kana ɗan shimfiɗa intalok. Sai ka je buɗe asusu banki ya ce ka kawo takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, saboda gine-gine da dillancin filaye na cikin sana'o'in da yake sa wa ido. Haka nan kada ka liƙa wa kanka laƙabin akitek a kati, wannan na waɗanda ARCON, majalisar rajistar masu zanen gine-gine, ta yi wa rajista ne.

Izinin da ya fi cizo ba a CAC yake ba, kuma BN da RC duk ɗaya ne a gabansa. Fili ne na farko. Dashen da kake gani jere a leda a bakin titunan Abuja galibi a koren filin gwamnati yake, wanda Sashen Wuraren Shaƙatawa na AMMC, hukumar gudanar da birnin Abuja, ke kula da shi. Wanda ya kama wuri kawai ya haɗa tiyo ba takarda, ranar rusau ba za a jira ya kwashe tukwanensa ba. Allon talla a titi sai da izinin DOAS, sashen kula da allunan talla na Abuja, shago kuma ƙaramar hukumar birnin Abuja, AMAC, za ta zo karɓar kuɗin wurin sana'a.

Sai magani. Duk abin da za ka fesa ya kasance da lambar NAFDAC a jiki, kuma ka duba ko yana cikin waɗanda ta haramta, kamar farakwat da aka daɗe ana ƙona ciyawa da shi. Maigida zai ce tunda ka zo da famfon feshi ka shiga ciki ka yi masa na kyankyasai da sauro. Wannan wata sana'a ce daban, lasisinta na Majalisar Kula da Lafiyar Muhalli ta Najeriya ne. Idan kuma wani ya yi maka alkawarin kawo dashen dabino ko irin fure daga Dubai, sai an samu izinin shigo da shi daga NAQS, hukumar killace kayan noma, tun kafin a ɗauko, in ba haka ba a filin jirgi za a riƙe kayan.