Kwafin Zanen Zakarun Dawakin Sukuwa da Fentin Hannu: Inda Aikin Ke Kyau da Inda Yake Lalacewa

Masu sana'ar kwafar tsofaffin zane-zane da fentin mai suna samun odar hotunan dawakin sukuwa sosai, kuma aikin George Stubbs na cikin waɗanda ake nema. Wannan mai zane ɗan Ingila ya shafe kimanin wata 18 a ƙauyen Horkstow yana feɗe gawar dawaki, yana zana tsoka da ƙashi, kafin ya fitar da littafinsa kan ƙirar jikin doki a 1766. Wanda zai kwafi aikin irin wannan mutum, in bai san inda kowace gaɓa ke lanƙwasa ba, tun daga ƙafa asirinsa ke tonuwa.

Saboda haka ƙafa ake fara dubawa. A kwafi mai rauni, gwiwar baya kan fito a kumbure, gaɓar da ke saman kofato ta miƙe sambal babu ɗan karkacen nan nata, kofaton kuma ya zama dunƙulen baƙin fenti kawai. Yawanci daga ƙaramin hoton intanet aka kwafa, inda inuwa ta haɗiye jijiyoyin ƙafa, sai mai zanen ya cike gurbin da ka. Kafin ka biya kafin alƙalami, nemi a nuna maka dokin da mutumin da zai yi naka ya taɓa zanawa, a ɗauko maka ƙafafu da ido daga kusa.

Whistlejacket, wanda Stubbs ya zana wajen 1762, shi ne ya fi dacewa da wannan sana'a, kuma shi ne ya fi gwada gwaninta. Jan ingarma ne mai geza da wutsiya masu haske, ya ɗaga ƙafafun gaba, babu mahayi, babu sirdi, babu ko ciyawa a bayansa. Ba wurin ɓoye kuskure ke nan. Ƙyallin jikinsa ba da shafa ɗaya ake samunsa ba: ana shimfiɗa launin ƙasa-ƙasa, a bari ya bushe, sannan a riƙa bi da fenti tsararo hawa-hawa har haske ya riƙa ratsowa daga ƙarƙashi. Masu gaggawa sukan dama jan fenti da mai launin ruwan lemo su shafa lokaci guda, sai dokin ya fito kamar na roba. Bangon bayan ma ba launi ɗaya ba ne shafal. Akwai sauyi a hankali tsakanin ruwan zuma da kore-kore, ga 'yar inuwa a ƙarƙashin kofatan baya wadda ita ke dasa dokin a ƙasa. In aka manta da ita, sai ya zama yana shawagi.

Girma ma abin lura ne. Asalin zanen da ke gidan adana zane-zane na National Gallery a Landan ya kai kusan santimita 292 a tsaye, 246 a kwance. Kwafi mai 60 da 50, ko 120 da 100, yana riƙe wannan ma'auni. In ka ce 90 da 60, dole a datse wutsiya ko a ja jikin dokin. Haka zanen da Stubbs ya yi na doki mai suna Gimcrack a filin sukuwa na Newmarket, wanda aka sayar fam miliyan 22.4 a 2011: shi mai faɗi ne, kuma dokin ya fito sau biyu, a gaba ana goge masa jiki, can baya yana cin tsere. A ƙaramin kwafi, mahayan baya kan koma ɗige-ɗige marasa fasali. Irin wannan bai kamata faɗinsa ya gaza mita ɗaya ba.

Wani abu kuma: tsofaffin zane-zanen tsere kan nuna doki ya baje ƙafafu huɗu a iska, biyu gaba biyu baya. Hotunan da mai ɗaukar hoto Eadweard Muybridge ya ɗauka a 1878 sun nuna ba haka doki ke sukuwa ba. Amma kada ka sa a gyara, hatimin zamanin ne.

Babban ha'incin sana'ar shi ne a buga hoton da inji a kan kyalle, a ɗan bi shi da burushi, a kira shi aikin hannu. Sa gilashin ƙara girma a wurin da fenti bai yi kauri ba, musamman gefe-gefe. In ka ga ƙananan ɗigo masu launi a jere, bugun inji ne. Haska fitila daga gefe kuma: a aikin gaske sawun burushi yana bin kwanciyar gashi da tsoka, a na jabu yana tafiya ko ta ina. Mai gaskiya ba ya ƙin turo hoton aikin a mataki uku: zanen farko, shafar farko, da gamawa.

Tsagewar fenti daga baya tana da sanadi da dama, ga biyu daga ciki. Ko dai an ɗora fenti mai ƙarancin mai a kan mai yawan mai da bai bushe ba, saman ya riga ƙasan bushewa, ko kuma an naɗe kyallen, fentin yana kallon ciki. Daidai shi ne fenti ya kalli waje, a naɗe a kan bututu mai kauri, da takardar da ba ta mannewa, a kuma bar rarar kyalle santimita 5 a kowane gefe don ɗaurawa a katako. Man ƙyalli na ƙarshe sai bayan wata shida zuwa shekara. In zanen ya iso yana sheƙi bayan 'yan makonni, tambayi abin da aka shafa masa.

A ganinmu sana'ar ta cancanci kuɗinta ga mai son hoton doki ɗaya tsaye, irin na zakarun gasar sukuwa ta St Leger a Ingila da John Frederick Herring ya zana, matuƙar an ba aikin lokaci. Ga hoton tsere mai dawaki goma da taron 'yan kallo kuwa, bugun inji mai inganci ya fi kwafin hannu mai araha riƙe kamannin asali.