Kafin ka sayi maganin tsutsar tumaki, duba idon tunkiyar tukuna

Da ruwa ya sauka a Zariya, wajen watan Mayu zuwa Yuni, shagunan maganin dabbobi na Samaru da Sabon Gari kan cika da masu kiwo, kowa na cewa a ba shi "na tsutsa". Mai shago kuwa abin da ke kusa da hannunsa zai miƙo. Ni ma na taɓa yin irin wannan sayayya, na ɗura wa garkena duka, bayan mako uku wata tunkiya mai shayarwa ta kumbura a ƙasan haɓa kamar an ɗaura mata gora, alamar tsutsar na nan tana cin ta.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, tumakin ba ƙarfinsu ɗaya ba. Babbar tunkiya mai ƙoshi da ta saba kiwo, jikinta ya san tsutsar: yana hana sababbi zama, waɗanda suka zauna kuma ya rage musu yawan ƙwai. Ɗan da bai kai wata 6 ba bai gina wannan garkuwar ba tukuna. Uwar ma garkuwarta kan yi sanyi daga dab da haihuwa har makonni bayanta, don abin da take ci ya tafi ga nono. Waɗannan biyun ake saya wa magani da farko.

Babbar abokiyar gaba a damina ita ce tsutsar Haemonchus, wadda ke zaune a tumbi na huɗu tana zuƙar jini, macen kuma na zuba ƙwai dubbai a rana. Sau da yawa ba ta kawo zawo, shi ya sa take yaudarar mutane. Ƙarancin jinin a ido yake nunawa: ja fatar idon ƙasa ka duba. Ja jawur, ƙyale ta. In ya koɗe ya yi fari, kada ka kwana ba ka ba ta magani ba. A Afirka ta Kudu aka mayar da wannan dubawa katin FAMACHA, na gwada launin ido, mai mataki 1 zuwa 5.

To, waɗanne magunguna ke kan kantar shagon?

Albendazole shi ne na kowa, ƙwaya ko farin ruwan ɗura, ga araha. Yana kama tsutsar tumbi da ta hanji, da mai faɗin nan da ake gani a kashin ƙanana, har da manyan tsutsar hanta idan aka bi awon da aka rubuta dominta. Aibinsa biyu. Ba a ba tunkiya a watan farko na cikinta, yana iya lahanta ɗan. Kuma shi ne aka fi wasa da shi: a sayi ƙwayar shanu a ɓantare da haƙori, a raba bisa ƙiyasi. Ragin awo shi ke barin tsutsotsi masu taurin kai su hayayyafa, har a wayi gari maganin ya zama alli.

Levamisole yana aiki da sauri, kuma danginsa daban, don haka shi ne mafita idan farin ya daina ci. Sai dai ba ya yafe kuskure. Ka zarce awo kaɗan, ka ga dalala da makyarkyata. Wanda ba zai auna dabbarsa ba, gara ya bar wa likita wannan. Ba ya taɓa tsutsar hanta.

Ivermectin, allurar da masu turke ke so, tana haɗa tsutsar ciki da ta hanci da ƙaiƙayin fata. In ragonka na susa yana atishawa, kuɗinka bai faɗi ba. Amma ita kaɗai ba ta kashe tsutsar hanta ko mai faɗi, saboda haka mai kai kiwo fadamun Galma ko Kubanni kada ya dogara da ita. A can closantel ya fi dacewa, don yana bin masu shan jini, tsutsar hanta da Haemonchus, kuma yana daɗewa a jiki. Daɗewar nan ce matsalarsa ga ragon layya: karanta kwanakin da aka ce a jira kafin yanka, ka ƙirga baya daga Sallah.

Ko wanne ka zaɓa, duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa, kuma ka guji kwalbar da ta yini a rana a kan tire.

Allurar rigakafin Haemonchus akwai, Barbervax, da cibiyar Moredun ta Sikotland ta samar aka fara sayarwa a Ostareliya a 2014, amma ba abin da za ka tsara kiwonka a kansa ba ne a nan.

Da kuɗina bai isa komai ba, ga yadda zan raba shi: maganin masu farin ido kawai, ragowar kuma harawa da angurya ga masu ciki da waɗanda aka yaye. Garkuwar jiki da abinci mai gina jiki ake yin ta, kuma tunkiyar da ta ƙoshi kan kori tsutsa da kanta. Kwana 14 bayan magani, ɗebi kashi ka kai asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a ƙirga ƙwai, a nan za ka san ko abin da ka saya yana aiki a garkenka. Tunkiyar da kuwa idonta ke fari kowace damina alhali 'yan'uwanta lafiya lau, ni kasuwa nake kai ta, ba na riƙe 'ya'yanta don iri.