Maƙayisul Luga bugun juzu'i shida: ya cancanci kuɗinsa ga ɗalibi a Madina?

Ɗalibanmu da ke Jami'ar Musulunci sukan tsaya gaban wannan ƙamus na Larabci na Ibn Faris (ya rasu 395 Hijira) a shagunan littattafai na kusa da Harami suna shawara. Bugun da ake magana shi ne wanda Abdussalam Harun ya yi wa tahƙiƙi, wato ya tantance nassinsa ya yi masa ƙananan bayanai.

A gwada shi da kalmar da kowa ke ji kullum a nan: jazira. Ibn Faris ya mayar da jim, zayun da ra'un duka ga ma'ana guda, wato yanka. Daga nan jazzar, mahauci, ya fito, da jazur, raƙumin da aka soke, da jazr, janyewar ruwa. Da wannan mai karatu zai gane cewa jazira ƙasa ce da ruwa ya yanke, ba dole sai ya kewaye ta kaf kamar tsibiri ba. Shi ya sa magabata suka ce Jaziratul Arab kai tsaye, ba su buƙaci "shibhu jazira" (mai kama da tsibiri) na littattafan makaranta ba, kuma shi ya sa ƙasar da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu a Sudan, mai hedikwata a Wad Madani, ta samu sunanta na Jazira. Wannan ɗaure rassa da saiwa ɗaya shi ne ƙarfin littafin.

Matsalarsa jeri ne, kuma nan ake cewa kalma "ba ta ciki". A kowane babi Ibn Faris yana jera kalmomi bisa harafinsu na uku, yana farawa da harafin da ke bin na biyu a jerin haruffa, sai ya kai ya'u ya dawo kan hamza. Tunda ra'un na zuwa kafin zayun, jazara tana can ƙarshen babin jim da zayun a juzu'i na 1, bayan jaza'a, jazala da jazama. Wanda bai san haka ba ya fara da fihirisan juzu'i na 6.

Kuma ba ƙamus na wurare ba ne. Don bayanin cewa Tekun Farisa, Tekun Sudan (Bahar Maliya) da kogunan Dijla da Furat ne suka kewaye ƙasar Larabawa, Lisanul Arab na Ibn Manzur ake buɗewa.

Akwai bugun juzu'i ɗaya da aka sake jera shi bisa alifun ba'un. Ya fi sauƙi a akwatin komawa gida, amma ka buɗe ka duba ko ƙananan bayanan Harun na ƙasan shafi suna nan kafin ka biya.