DJ Ko Makaɗa: Abin Da Muka Gani A Bikin Ƙanwata A Jos

A watan Disambar da ya gabata muka aurar da ƙanwata a Jos, kuma da yake ni aka ɗora wa nauyin nemo masu nishaɗantar da baƙi, sai na ɗauki wani DJ domin dina, na kuma ɗauki wasu mata masu kiɗan ƙwarya tare da mai kalangu ɗaya domin ranar wuni.

DJ ɗin ya iso tun kafin a gama jera kujeru, ya kafa kwamfutarsa da manyan sifikoki guda biyu, kuma kuɗin da muka yi jinga da shi bai nemi ƙarin ko kwabo a kai ba. Biki a Jos yakan haɗa Bahaushe da Birom da Bayarabe da Ibo a teburi ɗaya, shi kuwa cikin ƙiftawar ido yake sauyawa daga waƙar Hausa zuwa ta Kudu, ta yadda kowa ya samu abin takawa. Wannan kam babu makaɗin da zai iya yin sa. Sai dai ƙarar ta yi yawa, har dattawan da ke gaba suna magana da juna da hannu, kuma idonsa na kan kwamfuta, ba ya kan fili. Uwar ango ta miƙe za ta taka ke nan ya sauya waƙa, ta koma ta zauna. Da aka ɗauke wuta kuwa, zauren ya yi tsit har sai da aka tayar da janareta.

Matan kiɗan ƙwarya sun makara fiye da awa guda, kuma ko haƙuri ba su bayar ba. Amma kafin su kife ƙwaryarsu, shugabarsu ta ja ni gefe ta tambaye ni sunayen manyan gida da garuruwansu na asali. Amfanin tambayar ya fito ne lokacin da Gwaggo, wadda ciwon gwiwa ya daɗe da hana ta rawa, ta ji an ambaci sunanta da na mahaifinta, 'yan amshi suka karɓa, mai kalangu ya matse igiyoyinsa a hammata har kiɗan ya yi kamar yana furta sunan. Ta tashi da sandarta ta shiga fili, su kuma suka rage saurin kiɗan daidai da takunta, ba su tsaya ba sai da ta gaji don kanta. A garin da Ɗan Maraya ya yi suna da kuntigi mai tsirkiya ɗaya har rasuwarsa a 2015, manyanmu irin wannan suke kira kiɗa.

Aibinsu yana wajen liƙi. Kuɗin jinga somin-taɓi ne kawai, domin sukan daɗe suna zuga mai sakin hannu, wadda ba ta da shi kuwa su wuce ta, wani lokaci har da ɗan habaici, abin da ya sosa ran wata maƙwabciyarmu. Ga shi kuma sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira a wurin biki, da hukuncin ɗaurin da bai gaza wata 6 ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. Saboda haka muka ajiye faranti a gabansu, ko da yake sun nuna cewa ba haka suka so ba.

Idan bikin ƙanena ya zo zan sake kiran matan nan, amma zan faɗa musu lokaci da awa guda kafin na gaskiya. DJ ɗin ma zan iya sake ɗaukarsa, da sharaɗin in miƙa masa jerin waƙoƙi a rubuce, sannan ya kafa sifikokinsa nesa da teburin dattawa.