Fastel na gari ko mai maiƙo: wanne ya fi dacewa da zanen faɗuwar rana a bakin teku?

Ɗan'uwa, tsakanin fastel (sandar launi ta yin zane) na gari, wato busasshe mai ƙura kamar alli, da mai maiƙo da kake tambaya, sayi na gari kawai ka huta.

Masu zanen faɗuwar rana na da, waɗanda kake son bin sawunsu, da shi suka yi aiki. Theodore Lukits, wanda ya yi ta zana faɗuwar rana a gaɓar Kalifoniya a shekarun 1920, na gari ne a hannunsa. Mai maiƙon sai a 1925 kamfanin Sakura na Japan ya fito da shi da sunan Cray-Pas, shi ma don 'yan makaranta. Na ƙwararru kuwa sai 1949 Sennelier, mai haɗa kayan zane, ya haɗa wa shahararren mai zane Picasso a Faris.

Rana in ta doshi faɗuwa ba ta jiran kowa, kuma nan na gari ya yi zarra. Garin launi ne aka ɗaure da ɗan ƙaro, ba damawa, ba jiran bushewa. Ina da ƙaramin kwalin fastel na gari samfurin Rembrandt, duk sandunan sun zama guntaye don aiki. Wata yammar hunturu a Legas hazo ya mai da rana ja jawur, har ana iya kallonta ido da ido. Na kwantar da guntun ruwan goro na ja shi a faɗin takarda, na ɗora ruwan hoda da ɗan shunayya, na murza da gefen yatsa, nan take sararin sama ya haɗu. Kafin ladan ya kira magariba na gama, hannuna kaca-kaca, raina fes. Sai dai ka sani gaɓar Legas kudu take kallo, ta Kalifoniya yamma. Yawanci ranar ta hannun damanka za ta sulale, ba ta tsakiyar ruwa ba, don haka juya kujerarka.

Mai maiƙo? Nawa na nan cikin durowa. Ba ya ƙura, iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Zafi na sa shi danƙo, yashi ya manne masa.

Na garin yana son takarda mai ɗan kaushi, ruwan toka ko shuɗiya, irin Canson Mi-Teintes, saboda ruwan ɗorawa ba ya haske a kan fara. In ƙura ta taru kada ka hura, juya takardar ka ɗan buga bayanta.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu zuba allin makaranta mai launi a kwali mai kyau su ce fastel ne daga Turai. Ka sa a buɗe a gabanka, ka goga jar sanda a baƙar takarda. Na gaske zai fito ja sosai, jabu zai koɗe ya yi fari-fari. Wanda ya hana ka gwadawa, bar masa kayansa.