Sharhi Kan Garejin da Ya Gano Ciwon Giyar Motata

Motata Honda Accord ce ƙirar 2003, wadda 'yan kasuwa ke kira EOD, mai silinda huɗu da giya otomatik mai hawa biyar. Shekara shida ke nan tana hannuna, kuma da ma 'yar Kwatano ce na saya. Da damina ta fara wani hali: idan za ta tashi daga giya ta biyu zuwa ta uku sai injin ya yi kuka kamar an taka totur a banza, sannan ta fizge ni gaba. Da safe abin da sauƙi, amma da zarar ta ɗau zafi a cunkoson Kano sai ya tsananta. Daga baya harafin D da ke dasbod ya fara ƙiftawa.

Bakaniken da na saba da shi ko zagaye bai yi da ita ba. Ya saurari bayanina, ya ce giyar ta mutu, mu shiga Ƙofar Ruwa mu ɗauko wata. Kuɗin da ya ambata ya hana ni barci. Wani abokin aikina ne ya yi min kwatancen wani gareji da ba sa taɓa komai sai giya, kuma a kansa nake wannan rubutu.

Wurin ba shi da wani kyan gani: rumfar kwano ce, da yara uku, da teburi cike da kayan cikin giya. Mai garejin dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya ce akwai kuɗin dubawa ko an yi gyara ko ba a yi ba, na biya ina ɗan jin nauyin abin a raina. Yanzu ina ganin a duk abin da na kashe wa motar nan babu kuɗin da ya kai wannan amfani.

Ya fara da tambayoyi. Yaushe take yi, da sanyi ko da zafi? Ribas na shiga nan take ko sai an jira? Wa ya canza man giya na ƙarshe, kuma wane iri ya zuba? Daga nan ya karɓi makulli muka hau titi, ya bi da ita a hankali, ya sake bi da ƙarfi, har ta yi fizgar a gabansa sau uku. Da muka dawo ya tsaya a wuri mai daidai, ya kashe injin, nan da nan ya zaro sandar awon mai mai kan ruwan ɗorawa. Na ce, "Malam, ai na saba ganin ana awon man giya injin na aiki." Ya ce, "Alhaji, wancan na Toyota ne. Honda sai ta ɗau zafi a kashe ta, a auna kafin minti ɗaya da rabi ya wuce." Na duba littafin motar da na koma gida, haka abin yake. Shekara shida ana yi min awon a karkace ban sani ba.

Ya ɗiga man a farar takarda. Maimakon ja garau, ya koma ruwan ƙasa, amma da ya sunsuna ya ce bai yi ƙauri ba, kuma wannan ne ya ba shi ƙwarin gwiwa, domin man da ya yi baƙi yana warin ƙuna alama ce ta kulocin ciki ya cinye. Sai a lokacin ya ɗauko kwamfuta ya jona a ƙasan sitiyari. Lamba ɗaya ta fito, P0848, wadda a wannan mota take nuni ga ɗan makunnin da ke sanar da ƙwaƙwalwar motar cewa matsin mai ya isa kulocin giya ta uku. Abin da ya burge ni shi ne bai tsaya nan ba. Ya ce lambar tana nuna layin da matsalar take ne kawai, ba lallai makunnin ne ya lalace ba. Ya sa yaro ya cire soket ɗin, ya duba wayoyin ko ɓera ya ci, ya auna su da mita, sannan ya yarda makunnin ne ya mutu. Yana jikin giyar ta waje, ba sai an sauke ta ba.

Maganar mai kuwa ta fi ɓata min rai. An daɗe ana zuba min man giya na gama-gari. Honda nata man daban ne, a da ATF-Z1, yanzu DW-1 ya gaje shi, kuma littafin motar ya yarda da man gama-gari mai suna Dexron III ne kawai a matsayin na wucin gadi, ya kuma yi gargaɗin cewa daɗewa da shi na ɓata yadda giya ke shiga. Dattijon ya ƙi wanke giyar da injin matsi. Ya kwance noti ya tsiyaye, kusan lita 3 ta fito, wato ƙasa da rabin abin da ke ciki, ya cika da sabo, aka zaga da motar, aka maimaita har sau uku. Notin na da maganaɗisu a bakinsa, ya nuna min abin da ya kama: laushin baƙin gari ne, babu ɓarɓashin ƙarfe.

Akwai inda ban ji daɗi ba. Aikin da aka ce na yini ɗaya ya kai kwana uku, saboda makunnin farko da aka kawo na jabu ne, shi da kansa ya mayar. Ba a kira ni an faɗa min ba, sai da na zo na tarar. Ba sa ba da takardar abin da aka gano ko aka canza, da wayata na ɗauki hoton lambar. Wurin zaman jira ma babu, benci ɗaya ne a rana.

Wata huɗu ke nan da gyaran. Harafin D ya daina ƙiftawa, fizgar ta tafi, na je Zariya da ita sau biyu na dawo lafiya. Saura ɗan jinkiri kaɗan idan ta yi zafi sosai, kuma tun ranar ya faɗa min zan ji shi, domin kulocin giya ta uku ya ɗan ci kafin in kawo ta. Ya ce in daina fizgar totur daga tsaye, in dawo bayan wata shida a sake duba launin man, in ya fara ƙauri to a lokacin za mu zauna mu yi maganar buɗe giyar. Maƙwabcina mai Camry da ribas ɗinsa ke jinkirin shiga na ba shi kwatancen wurin, na kuma ce masa ya tafi da kwalbar man da ake zuba masa.